Kotu Ta Ba Shi Gaskiya, Saura Kuɗi: Yadda Aka Gano Kadarorin Wani da Ake Bi Bashi a Kano

Asalin lamarin

Mai bin bashin ɗan kasuwa ne a kasuwar Singa ta Kano, yana sayar da shinkafa da sukari da man girki a kan sari. Wanda ake bi kuwa abokin cinikinsa ne na shekara shida, mai ɗibar kaya mota-mota yana raba wa kantuna a Kano da Jigawa, ya kawo kuɗi bayan sati biyu ko uku. A zubin ƙarshe ya ɗebi kayan naira miliyan 46, ya biya miliyan 14, daga nan ya ɗauke ƙafa. Saura miliyan 32.

An bi hanyar da aka saba. Shugabannin layi sun zauna sau biyu, ya amsa bashin da bakinsa, ya sa hannu a takardar alkawari, ya ba da cek biyu, banki ya dawo da su. Wasu suka ce a kai shi wurin 'yan sanda. Lauya ya hana, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Ba da cek ɗin da babu kuɗi a bayansa laifi ne mai zaman kansa, amma tuhumar laifi ba ita ke dawo da jari ba.

Aka shigar da ƙara a Babbar Kotun Jihar Kano. Da yake ya riga ya amsa bashin a rubuce, bai samu abin kare kansa ba. Kotu ta umarce shi ya biya miliyan 32 da kuɗin ɗawainiyar shari'a naira 300,000. Mai bin bashin bai nemi kuɗin ruwa ba saboda addini, don haka duk watan da ya wuce shi ke asara. Da sunan kansa mutumin ya ci bashin, ba da sunan kamfani ba, kuma bai ɗaukaka ƙara ba a cikin wata ukun da doka ta ba shi. Duk lissafin watannin da ke ƙasa daga ranar hukunci ya fara.

Wata na 1 da na 2: asusun banki

Lauya ya fara da hanya mafi sauƙi, wadda suke kira ganishi. Sashe na 83 na dokar tarayya ta zartar da hukunci ya ba kotu ikon riƙe kuɗin wanda ake bi da ke hannun wani, kuma dole a kai umarnin farko ga banki da mai asusun aƙalla kwana 14 kafin ranar zama. An sa bankuna 14. Goma sha ɗaya suka rantse ba shi da asusu a wurinsu, biyu suka kawo abin da ya rage, jimilla naira 640,000. Na ƙarshen ya ce shi ma bin sa yake yi. Lauya ya ajiye wannan takardar rantsuwar a gefe, domin banki ba ya ba da babban bashi sai ya riƙe wani abu.

Wata na 3: kayan ɗauka

Ma'aikatan kotu masu zartar da hukunci suka je sitonsa, suka tarar an share shi tas. A gidan da yake zaune a Hotoro suka rubuta janareta, firji biyu, talabijin, kujerun falon baƙi da mota. Motar ba ta daɗe a hannu ba: matarsa ta kawo takardu da sunanta, na shekara huɗu kafin a fara rigimar, kotu ta sakar mata. Gadaje da kwanuka da kujerun cikin gida ba a ma taɓa su ba, domin kayan ɗaki na mace ne, iyayenta suka yi mata, kuma bashin miji ba ya hawa kansu. Bayan kwana biyar ɗin da doka ta tanada aka yi gwanjon sauran. Abin da ya rage bayan cire ɗawainiya naira miliyan 1.1 ne.

Mai bin bashin ya fusata, ya ce wahalar banza aka yi. Lauya ya nuna masa sashe na 44: ba a taɓa gida ko fili sai an gamsar da kotu cewa an nemi kayan ɗauka da gaske, ba a samu ba ko ba su isa ba. Rahoton ma'aikatan kotu da takardun bankuna su ne hujjar. Sashen ya kuma ce ko da kotun majistare ce ta yanke hukunci, daga Babbar Kotu umarnin kama gida zai fito. Bashi ya tsaya a naira 30,560,000.

Wata na 4 da na 5: binciken takardu

Rajistar filaye tana hannun ma'aikatar ƙasa ta jiha da hukumar KANGIS mai ajiye bayanan filaye. Bincike a can ya fi sauƙi idan akwai lambar fayil, irin masu farawa da RES na gidan zama ko COM na wurin kasuwanci. Nema da suna kaɗai yana da wuya, saboda mutum ɗaya na iya zama Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, Mamman a ta uku, ya sa sunan mahaifi a nan, sunan unguwa ko gari a can, a kasuwa kuma laƙabinsa kawai aka sani. Lauya ya tattara rubutun sunan iri huɗu daga cek, takardar alkawari da rajistar kasuwanci, ya nemi a duba kowanne.

Fayil ɗaya ya fito, na gidan Hotoro, kuma a jingine yake a bankin nan da ya ce yana bin sa. Mai ƙiyasi ya sa wa gidan miliyan 55, banki na bin miliyan 49. Wanda aka yi wa jingina mai rajista shi ke fara ɗiba, kuma gwanjo ba kasafai yake kai farashin kasuwa ba. Aka bar shi.

Binciken hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ya nuna shi darakta ne a wani kamfani mai sito a Sharaɗa, da hannun jari kashi 60 cikin ɗari. Mai bin bashin ya yi murna, amma murna ta koma ciki. A doka kamfani mutum ne daban, dukiyarsa ba ta darakta ba ce, hukuncin kuma ba ya ɗauke da sunan kamfanin. Hannun jarin nasa ne, ana iya bin sa, sai dai babu mai zuba kuɗi ya shiga kamfanin 'yan gida ɗaya da rigima.

Sai maganar da kowa ke yi a kasuwa: ai suna da ƙaton gida a cikin gari. Akwai gidan, amma na gado ne da ba a raba ba. Mahaifinsu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza huɗu da mata biyar. Idan gidan ya kai miliyan 26, matar za ta ɗauki tumuni, miliyan 3.25, a raba sauran miliyan 22.75 gida 13, namiji ya samu miliyan 3.5. Kafin a kai ga wannan kason sai an yi rabon gado a kotun Musulunci, ga tsohuwa da marayu a cikin gidan. Mai bin bashin da kansa ya ce a bar wannan.

Wata na 6 zuwa na 8: bin sawu a ƙasa

Wata biyar sun tafi, ofisoshi sun ba da abin da ke cikin fayilolinsu, kuma babu abin sayarwa a ciki. Dalilin yana cikin yadda ake mallakar ƙasa a Kano. Akwai awon gwamnati mai satifiket. Akwai awon igiya, gonakin da aka yanka fuloti-fuloti a bakin gari, waɗanda shaidarsu takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa ko dagaci. Akwai tsofaffin gidajen cikin birni da ba su taɓa ganin satifiket ba. Ko a awon gwamnatin ma, sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ce sai da amincewar gwamna ake sauya mallaka, kuma saboda kuɗi da zirga-zirgar da ke ciki mutane da yawa ba sa nema. Mai saye ya karɓi satifiket ɗin mai sayarwa da takardar ciniki ya kulle a durowa. Mutum na iya mallakar gida biyar sunansa bai fito a fayil ko ɗaya ba.

Amma gida ba ya sauya hannu a ɓoye. Dillali ya karɓi la'ada, mai unguwa ya shaida, magini ya yi aiki, mai gadi yana karɓar albashi, 'yan haya sun san wanda suke biya. Aka koma wurin waɗannan.

Farkon zaren a littafin mai bin bashin kansa aka same shi. Yaron shago ya tuna sau biyu an ce a sauke buhunan shinkafa a "sabon gini" a Sabuwar Gandu, ba a sito ba, kuma direban da ya kai yana nan. Na biyu, wani mai sayar da rodi da siminti a Ƙofar Ruwa, wanda shi ma yake bin mutumin kuɗi, ya fito da rasit ɗin kai kaya masu ɗauke da kwatancen wurin. Da aka je, gini ne a kan fuloti mai ƙafa 50 da 100, shaguna huɗu a ƙasa, gidajen haya biyu a sama, duk da mutane a ciki.

A rumfar dillalan unguwar aka samu sauran bayani. Bayan an gaisa an kwatanta ginin, wani dattijo ya gyara zama a kan benci ya ce, "Alhaji, ai ni na yi cinikin filin nan. Wurin wani tsohon ma'aikaci ya saya. Satifiket ɗin ma har gobe sunan tsohon ne a kai." Ya yi musu kwatancen gidan tsohon. Da aka je, tsohon ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar ambulan mai ɗauke da kwafin takardar ciniki: sunan mai saye, kwanan wata, shaidu uku, da lambar fayil a saman shafi. Da wannan lambar aka koma ma'aikatar ƙasa. Fayil ɗin na sunan tsohon, babu jingina, sai bashin kuɗin ƙasa na wasu shekaru.

Ga kowace kadara lauya ya sa an buɗe shafi guda: kwatance da alamar da ba ta gushewa, hoto daga bakin titi, girman fili, wa ke ciki, wa ke karɓar haya, daga wa aka saya kuma yaushe, wace takarda ce a kai, da wanda zai yarda ya rantse a kotu. Wannan tambayar ta ƙarshe ita ta fi zubar da labarai. Mutane da yawa za su faɗa maka a rumfa, kaɗan ne za su maimaita a gaban alƙali. Ya kuma gindaya sharaɗi: ba shiga gidan kowa, ba yin shigar mai saye don a yaudari iyali, ba ba wa ma'aikacin banki ko na ofis na goro don ya fitar da takarda, domin kowanne na iya juyar da shari'a kan mai bin bashin.

Ta wannan hanya aka gano wasu wurare biyu. Fulotai uku na awon igiya a Ɗanbare, biyu ya sayar tun kafin ƙara, masu su har sun kai linta, na ukun bai wuce miliyan 3 ba kuma ana jayayyar iyaka a kansa. Sai gida a Rijiyar Zaki wanda aka rubuta takardar kyautarsa ga ɗansa mai shekara tara, kwana 12 bayan an kai masa sammacin ƙara. Kotu na iya rushe kyautar da aka yi don a guje wa masu bin bashi, kuma a fiƙihun Malikiyya ma masu bashi suna da ikon hana kyautar wanda bashi ya cinye dukiyarsa. Sai dai hakan na buƙatar sabuwar ƙara. Aka ajiye shi a matsayin madogara idan na Sabuwar Gandu ya kuɓuce.

Wata na 9: tambayoyi bisa rantsuwa

Sashe na 55 na dokar zartar da hukunci ya ba mai hukunci a hannu damar sa a kira wanda ake bi ya zo kotu a tambaye shi abin da ya mallaka. Matakin da ya shafi jikin mutum irin wannan a cikin shekara biyu daga hukunci ake ɗaukarsa, na dukiya kuwa shekara shida, bayan nan sai da izinin kotu. Lauya ya jinkirta kiran da gangan har sai da takardu suka cika hannu.

Ya fara da tambaya a buɗe: ban da gidan Hotoro, kana da gida ko fili a Kano? Ya ce babu. Kana karɓar haya daga wani wuri? Ya ce a'a. Sai aka miƙa masa rasit ɗin haya uku da masu shaguna suka bayar, da sa hannunsa, aka bi da takardar cinikin tsohon ma'aikaci. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, na saya, amma na sayar wa ƙanena." Kotu ta rubuta duka biyun: ya amsa saye, ya yi da'awar sayarwa.

Wata na 10 zuwa na 13: izinin kotu da da'awar ƙane

Aka nemi izinin kama ginin Sabuwar Gandu kaɗai. Takardar rantsuwar ta ƙunshi adadin hukunci, abin da aka samu daga banki da gwanjo, abin da ya rage, matakan da aka bi wajen neman kayan ɗauka, cikakken kwatancen ginin, da hujjar cewa na wanda ake bi ne. An sanar da shi buƙatar kamar yadda ya wajaba. Da yake sanarwar na ba shi damar yin wani motsi, lauya ya rubuta wa ma'aikatar ƙasa a ranar, ya haɗa da kwafin hukunci, ya nemi a sa gargaɗi a fayil ɗin. Rashin sunansa a satifiket bai hana ba, domin abin da ake kamawa shi ne duk haƙƙin da yake da shi a kadarar. Kotu ta ba da izini, aka liƙa takardar kamu a jikin ginin.

Kwana huɗu bayan haka ƙanen ya shigo da da'awa. A irin wannan hali ma'aikacin kotu ba ya yanke wa kansa hukunci, sai ya mayar da ɓangarorin gaban alƙali, gwanjo ya tsaya. Ƙanen ya kawo takardar ciniki mai kwanan watan shekara guda kafin ƙara. Abu uku suka karya ta. Bai iya nuna ta inda miliyoyin suka bi daga hannunsa zuwa na wansa ba. 'Yan haya biyu sun rantse cewa har watan da ya gabata wan suke biya. Sannan mai unguwar da hatiminsa ke kan takardar ba a naɗa shi ba sai wata bakwai bayan ranar da aka rubuta a kai. A wancan lokacin mahaifinsa ne ke kan kujerar. Kotu ta kori da'awar. Wannan ya ci wata uku.

Wata na 14 zuwa na 19: sulhu, gwanjo, biya

Doka ta hana sayar da gida kafin kwana 15 da kama shi, kuma sai an yi shela. Mai ƙiyasi ya sa wa ginin miliyan 41. Saura kwana takwas a yi gwanjo, dattawan dangi suka zo neman sulhu: miliyan 10 yanzu, sauran a cikin kwana 60. Mai bin bashin ya ji nauyinsu, ya amince. Lauya ya tsaya a kan abu biyu, a shigar da yarjejeniyar gaban kotu, kuma kamun ya ci gaba har sai an biya kobon ƙarshe. Miliyan 10 ta shigo, bashi ya koma naira 20,560,000. Kwana 60 suka cika ba a ƙara ko sisi ba.

A wata na 17 aka yi gwanjo. Mutum biyar suka taya, aka sallama a miliyan 36. Farashin ya gaza ƙiyasi saboda mai saye zai gaji bashin kuɗin ƙasa da ɗawainiyar neman amincewar gwamna a kan fayil mai sunan wani. Sashe na 47 ya ba da kwana 21 ga mai ƙorafin an saɓa ƙa'idar gwanjo, kuma sai ya nuna saɓawar ta cutar da shi sosai. Babu wanda ya zo. Ciniki ya tabbata, kotu ta ba mai saye takardar shaida. Aka cire ɗawainiyar sayarwa miliyan 1.9, aka biya mai bin bashin a wata na 19, aka mayar wa wanda ake bi ragowar naira 13,540,000.

Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

Banki da kayan ɗauka sun kawo ƙasa da miliyan 2 cikin 32, amma ba a yi kuskuren farawa da su ba, tunda ba don su ba kotu ba za ta ba da izinin taɓa gini ba. Kuskuren shi ne jiran su ƙare kafin a fara tambayar dillalai. Da an haɗa aikin biyu tun watan farko, da an rage aƙalla wata huɗu.

Binciken ofis da suna bai gano ginin da ya biya bashin ba. Amfaninsa ya zo ta wata fuska: ya fitar da gidan Hotoro da siton Sharaɗa daga lissafi kafin a kashe kuɗi a kansu, sannan da aka samo lambar fayil daga hannun tsohon ma'aikaci, shi ya tabbatar babu jingina. Mutanen unguwa suka nuna wurin, fayil ya nuna ko zai sayu. Zaɓen gini ɗaya mai tsabta, maimakon jefa duk abin da aka gano cikin buƙata ɗaya, ya hana magada da masu fulotan Ɗanbare da uwar yaron Rijiyar Zaki shigowa da da'awa, kowanne da watanninsa.

Wurin da aka fi yin sake tun kafin kotu ne. Ranar da wanda ake bi ya sa hannu gaban shugabannin layi yana neman a rufa masa asiri, kuma a ranar zai iya ajiye takardar gida a matsayin jingina. Babu wanda ya nema, saboda kunya da tsohuwar amana.

Mai bin bashin ya karɓi kuɗinsa cif, amma ya kashe kusan miliyan 3.4 a lauya da ƙiyasi da zirga-zirga waɗanda ba su dawo ba, kuma miliyan 32 ɗin ba ta sayi yawan buhunan da ta saya ranar da aka ɗebi kayan ba. Mai rodin Ƙofar Ruwa, wanda rasit ɗinsa ya taimaka aka gano ginin, bai samu komai daga ragowar kuɗin ba, domin ba shi da hukunci a hannu. Ya shigar da tasa ƙarar sati biyu bayan gwanjo, kuma gidan Rijiyar Zaki lauyansa ya sa a gaba.